Allo ba ya ba da ruwa: yadda ƙungiyar sa-kai ke yin suna a zango

A ranar 1 ga Yuli ta kowace shekara ƙungiyoyin Rotary da Lions suke sauya shugabanni a duk inda suke a duniya, daga Shikago har nan Paraku. Sabon shugaba ya rataya sarƙar mulki a wuya, a ci abinci a otal, a yi tafi, sannan ya naɗa mataimakansa. Cikin waɗanda ake naɗawa akwai wanda aikinsa guda ne tak, wato ya kula da irin kallon da jama'a ke yi wa ƙungiyar. A tsarin Rotary wannan kwamiti ne mai zaman kansa, kamar na neman sababbin mambobi da na tsara ayyuka. Su ne masu buga riga da hula, su ne masu kiran 'yan jarida, su ne masu zuba hotuna a Facebook.

Matasanmu sun gani, sun kuma kwaikwaya. Yau da wuya ka sami ƙungiyar samari a Albarika, ko Zango, ko Banikanni, ko can Jugu, da ba ta da nata mai yaɗa labarai. Wata ma ba ta riga ta zaɓi ma'aji ba, amma ta riga ta buga kyalle mai tambari. Ɗaliban Jami'ar Paraku, wadda ke nan Albarika tun 2001, su ne gwanayen abin: waya a hannu, an share harabar masallaci da safe, kafin azahar bidiyon ya zaga kowane zauren WhatsApp.

Ni ban ga laifin ƙungiya ta nemi a san ta ba. Wanda ba a san shi ba, ba a ba shi amana, kuma ƙungiyar da ba a ba amana ba, ba ta da abin rabawa. Inda nake da ja shi ne abin da muke zaɓa mu nuna. Mun ɗauki abin da ya kamata a rufe muna baje shi, abin da ya kamata a baje kuma mun saka shi a aljihu. Fuskar mabuƙaci tana kan intanet, littafin kuɗi kuwa ko mambobi ba su taɓa ganin bangonsa ba.

Bari in fara da dattawanmu, don su ne suka fi ɗaga murya. Da zarar sun ga hoton rabon shinkafa sai su ce riya ce, ladan ya tafi. Suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Sai dai ayar da aka fi kafa hujja da ita, ta 271 a cikin Suratul Baƙara, ta yaba bayyana sadaka, sannan ta fifita ɓoye ta idan za a miƙa wa talaka. Kenan akwai wurin bayyanawa, akwai wurin rufewa. Ka ƙara gaba kaɗan a surar, a aya ta 282, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, za ka tarar da umarnin rubuta bashi da kafa shaidu. Sura guda ta haɗa sutura ga mai karɓa da rubutu ga dukiyar mutane. Kuɗin ƙungiya ai ba sadakar shugaba ba ce da zai ce yana ɓoyewa don Allah. Karo-karo ne na tela da mai nama da ɗan zem da hajiyar da ke sayar da atamfa a kasuwar Arziki. Duk shugaban da aka tambaye shi lissafi ya ce "haba, aikin Allah ne fa, ba a tone-tone", to wallahi ba tsoron riya yake ji ba, wani abin yake tsoro.

Batun hoto kuwa, a nan ina bayan dattawa ɗari bisa ɗari. A Kwatano ko Legas mai yiwuwa ka sa hoton bazawara riƙe da buhun shinkafa, ba wanda ya san ta. A zango kowa ya san ta. An san mijinta da ya rasu, an san 'yarta da ake neman aure, an san ɗanta da ke zuwa makaranta, inda gobe yara za su ce masa sun ga uwarsa tana karɓar sadaka. Shinkafar ta ƙare a sati biyu, hoton yana nan. Kuma kar a ce mini an tambaye ta ta yarda. Wanda yunwa ta kawo shi layi, ka riƙe buhu a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, wace irin yarda ka samu? Ga kuma doka: tun 2018 ƙasarmu tana da dokar harkokin intanet, akwai kuma hukumar APDP mai kare bayanan mutane, kuma hoton mutum yana cikin abin da ake karewa. Amma ko babu doka, kunya kaɗai ta isa.

Yanzu ga wata matsala da ta fi shafar manyan ƙungiyoyin nan na waje, wadda mambobinsu Musulmi suka sani sarai amma ba su son a taɓo ta. A unguwanninmu mutane da yawa suna ɗaukar Rotary da Lions a matsayin ƙungiyoyin asiri. Zargin yana da asali. A 1978 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke hukunci a kan Masoniyya, ta kuma ambaci Rotary da Lions cikin sunayen da ta ce ana fakewa da su. Ba mu kaɗai muka taɓa yin wannan zato ba: a 1951 fadar Paparoma ta hana limaman Katolika shiga Rotary, kafin daga baya dangantaka ta gyaru. Su kuwa ƙungiyoyin sun daɗe suna cewa ba su da rantsuwar ɓoye, ba ruwansu da addinin mutum ko siyasarsa. Wani lauya ne, Paul Harris, ya kafa Rotary a Shikago a 1905, Lions kuma ta biyo baya a 1917 a hannun Melvin Jones. Alƙahira ta sami reshen Rotary a 1929, kuma reshe na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi, a 1961.

Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Mai son shiga ya tambayi malaminsa. Abin da nake cewa shi ne, zato irin wannan riga da hula ba sa wanke shi. Ƙungiyar da ke taro a otal da daddare, da Faransanci, da kuɗin shiga da ya fi ƙarfin talaka, sannan ta fito sau biyu a shekara ta raba kaya ta koma, ita ce ke ciyar da jita-jitar da kanta. Mutum ya ga tambarin ƙafar keke mai haƙora ko kan zaki, bai san me ake tattaunawa a ciki ba, bai san ko mutum ɗaya daga ciki da yake sallah sahu ɗaya da shi ba. Me kake so ya zata?

Wanda ke son ya ga yadda rashin yarda ke rusa aikin alheri, da yadda ake sake gina ta, ya dubi abin da ya faru a Kano. Rotary ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da shan inna a 1985. A 1988, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da sauran abokan aiki suka shigo, cutar tana nakasa yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Zuwa 2003 an kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli, an buga allunan talla ba adadi, an kusa ganin bayanta. Sai a shekarar jita-jita ta tashi a arewacin Najeriya cewa ɗigon rigakafin yana hana haihuwa. Gwamnatin Kano ta dakatar da shi kusan shekara guda. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har da ƙasarmu.

Masu dariya daga nesa sun ce jahilci ne. Amma mutanen Kano suna da abin tunawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan a birnin, gwajin da ya shafi yara kusan 200, kuma 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye ba su yarda ba, shari'a ta yi ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Ga kuma tambayar da iyaye ke yi wadda ba wanda ya amsa musu da wuri: in yarona na zazzaɓi na je asibiti sai na biya, ƙyanda na kashe mana 'ya'ya, me ya sa wannan ɗigon kaɗai ake biyo mu da shi har ɗaka kyauta? Tambaya ce ta mai hankali. Babu allon talla da ya isa ya amsa ta.

To me ya juya lamarin? An sake gwada maganin, aka kawo wanda aka yi a Indunusiya, ƙasar Musulmi, Kano ta dawo da rigakafi a Yulin 2004. A watan Oktoba na shekarar gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya miƙa 'yarsa ta cikinsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. A 2009 sarakunan arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka kafa kwamiti, hakimai da dagatai da masu unguwa suka shiga aikin da kansu. Aka ɗauki mata 'yan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a gidan suna da gidan biki, su ne masu shiga gida-gida. Waɗanda cutar ta nakasa, masu ƙera kekunan guragu a Kano, suka riƙa fita suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Daga baya aka riƙa kafa sansanonin lafiya inda uwa za ta sami maganin zazzaɓi da na gudawa tare da ɗigon, wato dai aka amsa waccan tambayar a aikace. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba, don a Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Amma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ku lura da kyau: duk abin da ya yi aiki a nan, mutum ne da aka sani ya tsaya ya sa nasa a ciki.

Mu Hausawan wannan yanki bai kamata a koya mana wannan ba, don da shi kakanninmu suka ci abinci. Jugu da Paraku zangon fatake ne a kan hanyar goro, wadda ta taso daga Kano da Sakkwato, ta ƙetare Kwara, ta ratsa Borgu ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Falke ya zo da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fata, ya sauka gidan mai masauki, ya bar masa kaya ko kuɗi, ya wuce, sai bayan watanni ya dawo. Ba banki, ba takardar kotu. Abin da ke riƙe da cinikin kaf shi ne sunan mai gida, kuma sunan nan madugai ne ke ɗauke da shi daga zango zuwa zango. Wanda ya ci amanar falke ɗaya, kafin ayari ya isa Kano labari ya riga shi, baɗi ba mai sauka gidansa. Haka ake yin suna a wajenmu: a bar maka abu, a dawo a tarar da shi.

Akwai misali ma a raye a Jugu. Gari ne da mafi yawan mutanensa Musulmi ne, amma asibitin da ƙungiyar Katolika ta Malta ke gudanarwa a can tun shekarun 1970, matan liman da na ladan suna zuwa haihuwa a cikinsa ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Ban taɓa jin wanda ya je can don ya ga talla ba. An je ne don uwar wance ta je ta dawo da jaririnta, kuma ƙofar da aka tarar a buɗe bara ita ce a buɗe bana.

Wannan "bana" ɗin shi ne inda ƙungiyoyin sa-kai suka fi faɗuwa. Akwai wani famfon tuƙa-tuƙa da nake wucewa ta gabansa a wata unguwa a gefen gari, inda ruwan SONEB bai kai ba. Wata ƙungiya ce ta haƙa, ba zan faɗi sunanta ba. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an yanka kyalle, an yi jawabi. Allon da aka kafa na ƙarfe ne mai kauri, da tambari da sunan shugaban shekarar da manyan baƙaƙe. Famfon ya tsaya tun tuni, abin da ya lalace kuma bai wuce roba da ƙaramin ƙarfe ba. Allon kuwa ko tsatsa bai yi ba. Kullum mata na wucewa ta gabansa da robobi a ka zuwa rijiya mai nisa, kuma kullum yana yi wa ƙungiyar talla, sai dai ba irin wadda ta biya kuɗi a yi mata ba.

Dalilin a cikin tsarin yake. Shugaban da ke da shekara ɗaya tak yana son abin da za a ce shi ya yi. Gyaran famfon wanda ya gabace shi ba ya kawo 'yan jarida, ba a yanka kyalle a kan sabuwar roba. Sai kowane shugaba ya haƙa nasa, ya kafa nasa allon, a bar na baya ya mutu. Ita kanta gidauniyar Rotary ta gane haka, shi ya sa tun 2018 take sharɗanta cewa kafin ta ba da babban tallafi sai an zauna da mutanen wurin an ji ainihin buƙatarsu, an kuma nuna yadda aikin zai ɗore bayan an tafi. Ƙananan ƙungiyoyinmu ba su da mai sa musu wannan sharaɗi, sai su sa wa kansu. Da ni ne mai yaɗa labaran wata ƙungiya, hoton da zan fi alfahari da shi shi ne na famfo yana zubar da ruwa shekara uku bayan buɗewa, da kwanan wata a jiki. A allon kuma, a maimakon sunan shugaba, in sa lambar wayar wanda za a kira idan ya lalace.

Na san abin da matasa za su ce, don sun sha faɗa mini: "Baba, in ba hoto, 'yan'uwanmu na Kwatano da Legas da Faransa ba za su turo ko dala ba. Suna son su gani da idonsu." Gaskiya ne, kuma mai bayarwa yana da haƙƙin ya gani. To a nuna masa. A ɗauki buhunan a shagon da aka saya, a ɗauki rasit, a ɗauki samarin suna lodi a bayan babur, a ɗauki liman ko mai unguwa da ya shaida rabon yana faɗin gida nawa aka kai wa. A ce an tara jaka 300: a rubuta jaka nawa ta tafi shinkafa, nawa mai, nawa kuɗin mota, nawa ta rage, a tura a zauren da aka yi roƙon. Wanda ya turo kuɗi ta MoMo ya ga wannan, ya fi samun natsuwa a kan ya ga tsohuwa tana share hawaye. Mai son sai ya ga hawayen kafin ya bayar, a bar shi da kuɗinsa, ba za a yi asara mai yawa ba. Rabon kansa kuma a yi shi bayan magariba, gida-gida, yadda iyayenmu mata ke aika ƙwarya a rufe da faifai.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa maganar nan ta wuce kwalliya a wajenmu. A ƙidayar 2013 Musulmi ba su kai kashi 30 cikin ɗari na mutanen Benin ba, mu Hausawa kuma 'yan kaɗan ne a cikinsu. Tun ƙarshen 2021 da hare-haren 'yan bindiga suka fara a Alibori da Atakora, wajen dazukan W da Panjari, ido ya ƙaru a kan duk wani taro da duk wani tara kuɗi a arewa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 da rufe gadar Malanbil da Gaya, mai jin Hausa ya ƙara zama abin tambaya a wasu bakuna, ko da kakansa a Paraku aka binne shi. A irin wannan yanayi, ƙungiyar samarin Hausawa da ke tara kuɗi ba rajista, ba littafi, ba wanda ya san ta a ofishin magajin gari, tana saka kanta da unguwarta cikin haɗari ko da niyyarta fara ce tas. Ƙungiyar da ta yi rajista, mai unguwa ya san shugabanninta, lissafinta na manne a ƙofar masallaci kowane wata, ranar da wani ya kai tsegumi akwai masu tsaya mata. Kuma ya kamata masu tsayawar su haɗa da waɗanda ba Hausawa ba. In za a yashe kwata kafin damina, a yashe har ƙofar maƙwabci Bariba da Bayarabe da mutumin kudu mai zuwa coci. Ruwan sama dai ba ya tambayar ƙabila kafin ya shiga ɗaki.

Harshe ma abin dubawa ne. Sanarwar da aka rubuta da Faransanci mai nauyi aka sa a Facebook, 'yan boko ɗari biyu ne za su karanta, su ne kuma dama suka riga suka sani. Jama'ar da ake cewa ana yi domin su suna kan Dendi da Batonu da Fulatanci da Hausa, a Jugu a ƙara da Yom da Lokpa, kuma kunnensu na kan rediyo. Fraternité FM da Arzèkè FM a Paraku, Solidarité FM a Jugu, minti goma da harshen gida, a buɗe layi mutane su kira su yi tambaya mai zafi, ya fi kyalle goma. Haka minti biyu bayan sallar Juma'a da izinin liman. Su ma 'yan Rotary da Lions Musulmi, in da gaske suna son a daina yi musu kallon 'yan asiri, su fito da taro ɗaya daga otal su kawo shi ƙofar Sarkin Zango da rana tsaka, su bari a tambaye su ina kuɗinsu ke fitowa, me suke faɗa idan sun rufe ƙofa. In amsar mai kyau ce, sun huta. 'Yan agajin Izala da na Fityanul Islam a Najeriya ba su da kwamitin talla mai ƙarfi, amma kowa ya san kakinsu, saboda su ake gani a filin idi, a maƙabarta, da wurin haɗarin mota.

Idan wata ƙungiya a Albarika ko Zangon Jugu ta tambaye ni aiki ɗaya da za ta fara da shi, wanda ba ya cin kuɗi, zan ce jini. Duk wanda ya taɓa kwana a sashen yara na babban asibitin Paraku cikin damina ya san yadda zazzaɓin cizon sauro ke shanye jinin yaro cikin kwana biyu, ya san yadda uba ke fita tsakar dare yana buga waya yana neman mai bayarwa. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, kuma namiji lafiyayye zai iya bayarwa duk bayan wata uku. Har yanzu akwai masu tsoro a cikinmu, wasu na cewa sayar da shi ake yi, wasu na tambayar ko ya halatta. Wannan aikin malamai ne da ma'aikatan hukumar ANTS mai kula da ƙarin jini su zauna tare su warware a gaban jama'a, kuma shugaban ƙungiya ya fara miƙa nasa hannun kafin ya kira kowa.

Ranar 14 ga Yuni ce ranar masu ba da jini ta duniya, kuma ta faɗo daidai goshin lokacin da buƙata ke tashi a nan arewa. Ƙungiya ta kai samari talatin a ranar, kowa ya san rukunin jininsa, a rubuta a littafi da lambar waya, a ba mutum biyu riƙon littafin, ɗaya namiji ɗaya mace, don akwai gidajen da mace ce kaɗai za ta iya shiga. A sanar da lambar a rediyo da masallatai, a kuma yi yarjejeniya cewa wayar ba a kashe ta da dare. A ƙarshen Oktoba, idan ruwa ya ɗauke, a fito a faɗi leda nawa aka bayar, kira nawa aka amsa, nawa ne aka kasa amsawa da dalilin kasawar, ba tare da an ambaci sunan yaro ko ɗaya ba.